Kakana ɗan NEPU ne, amma Shagari ya zaɓa

Malam Sabi'u: Salamu alaikum 'yan zaure. Ku taimaka min da shawara, abin ya tsaya min a rai tun jiya. Ina koya wa 'yan babbar sakandare darasin Gwamnati, mun iso kan jam'iyyun Jamhuriya ta Biyu. Na zana musu jadawalin nan da muka gada a allo: NPC ta haifi NPN, NEPU ta haifi PRP, AG ta haifi UPN, NCNC ta haifi NPP, ita kuma GNPP ta ɓalle daga NPP. Sai wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, kakana ɗan NEPU ne, har ɗauri ya sha a kanta. Amma ya ce a 1979 Shagari na NPN ya zaɓa. Shi ne ya canza, ko jadawalin ne ba daidai ba?" Na tsaya da alli a hannu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ba za a tambaye ki wannan a jarrabawa ba." Yara suka yi dariya, ita kuma ta sunkuyar da kai. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa, ban taɓa jin kunyar amsa irin ta jiya ba. Me ya kamata in ce mata?

Ɗan Gwaggo: Ka ce mata kakan ya ga alamar NPN, gida da masara, ya waiwayi makullin PRP ya ga ba a tuwo da shi 😂

Ummi: Kai Ɗan Gwaggo, ba ka da dama.

Baba Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Jikana ke rubutawa, ni nake faɗa, don haka in kun ga kuskure nasa ne. Ɗan Gwaggo, ka kiyayi bakinka. Mutumin da ya kwana gidan yari saboda tauraron NEPU ba masara ce za ta saye shi ba.

Malam Sabi'u, ɗalibarka ta fi jadawalinka gaskiya. Mahaifina tela ne, ɗan NEPU na ƙashin ƙwarai, ni kuma da ƙuruciyata na yi PRP. Na san mutanen nan ido da ido, ba a takarda ba. Ba garke guda ba ne da aka koro daga wannan shinge zuwa wancan. Tanko Yakasai ɗan NEPU ne da kowa ya sani, ya sha kamu, amma a Jamhuriya ta Biyu yana NPN, har ya zama mai ba Shagari shawara. Hajiya Gambo Sawaba, wadda sunan nan nata ma daga kirarin NEPU ya fito, GNPP ta Waziri Ibrahim ta shiga. Ɗanmasani Maitama Sule ya fara da NEPU, ya koma NPC, ya kuma kayar da Malam Aminu a zaɓen 1954. Shi kansa Malam, da aka fara tarukan ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NPN a 1978, da shi ake zama, daga baya ne ya fice aka kafa PRP. To in jagora ya taka ƙofar gidan ya dawo, don me za a yi mamakin wanda ya shiga ya zauna?

Malam Sabi'u: Allah ya ƙara girma, Baba. Maganar Malam da tarukan NPN ban taɓa faɗa wa ɗalibai ba, don ba ta cikin abin da ake tambaya.

Malama Rabi: Bari in ƙara wa Baba ƙarfi, tunda Tarihi nake koyarwa. Tun daga layin farko muke yi wa yara kwaskwarima. Muna cewa "Malam Aminu Kano ne ya kafa NEPU a 1950." Ranar 8 ga Agusta 1950 da aka kafa ta a Kano, mutum takwas ne, irin su Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta. Malam yana koyarwa a Maru a lokacin, sai bayan 'yan watanni ya ajiye aiki ya dawo, shugabancinta kuwa sai 1953. Wannan ba rage masa daraja ba ne. Amma yaron da aka koya wa cewa jam'iyya mutum ɗaya ce, ba zai taɓa gane yadda ake jayayya a cikinta ba. Kuma a wajen jayayyar ne aƙida take motsawa.

Alhaji Tijjani: To madalla, tunda an fara gyara, a gyara har namu ɓangaren. Gidanmu gidan NPC ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Kullum a aji ana cewa NPC jam'iyyar sarakuna ce, 'yan ra'ayin riƙau, shi ke nan a wuce. Wa ya tashi a majalisar Arewa a watan Agustan 1950, watan da aka kafa NEPU ɗin, ya kawo ƙudurin a yi wa mulkin En'e, wato hukumar sarakuna, garambawul? Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa da aka fara a matsayin ƙungiyar 'yan boko, Malam Aminu da Sa'adu Zungur duk suna ciki da farko. Sai da zaɓen 1951 ya matso ta zama jam'iyya sosai, manyan En'e suka shigo. Ku ce ta canza, na yarda. Amma kada ku ce haka aka haife ta.

Sannan wace irin jam'iyyar riƙau ce gwamnatinta za ta sa hannu a kafa masaƙa a Kaduna, ta kafa Bankin Arewa, ta buɗe jami'a a Zariya a 1962? Yau in gwamna ya ce gwamnati za ta kafa masana'anta, cewa za a yi ɗan gurguzu ne.

Baba Ɗanlami: Alhaji, jami'a gaskiya ce, masaƙa gaskiya ce. 'Yan Mahaukata, 'yan daban da ake sakar wa 'yan NEPU, su ma gaskiya ne. Mahaifina wata uku ya yi a ɗaure, laifinsa ya yi lacca ba izini, kuma alƙalin da ya ɗaure shi da ɗan dokan da ya kamo shi da yarin da ya tsare shi duk albashinsu daga aljihu ɗaya yake fitowa. In za ka koya wa yara masaƙa, ka koya musu wannan ma.

Alhaji Tijjani: Ban musa ba, Yaya. Ni dai cewa na yi a faɗi duka. Har da cewa bayan zaɓen 1959 NCNC, ƙawar NEPU, ita ta haɗa gwamnati da NPC a Legas. Wato a Legas ana ɓangare ɗaya, a Kano ana jifa.

Baba Ɗanlami: Wannan kam ta daɗe tana yi mana ciwo. Ci gaba.

Malama Rabi: Malam Sabi'u, ga amsar da nake ganin ta fi dacewa da yarinyar, kuma ba sai an ce kakan ya sayar da kansa ba. Ka tambaye ta: me NEPU take nema? A raba sarakuna da kotu da 'yan doka da gidan yari. A zaɓi masu mulkin ƙasa. A bar mata su yi zaɓe. To duba abin da ya faru tsakanin 1966 da 1979. A ƙarshen shekarun 1960, zamanin Gowon, gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, kuma Malam Aminu kwamishinan tarayya ne a wannan gwamnati. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta kau. A wannan zangon ne matan Arewa suka samu ƙuri'a, abin da NPC ta ƙi a zamaninta. Da aka zo 1979, NPN ba ta ce a mayar wa sarakuna gidan yari ba, ba ta ce mata su zauna a gida ranar zaɓe ba, ƙuri'arsu ma take nema. NPC ta Arewa ce zalla, taken ta Arewa ɗaya al'umma ɗaya, ita kuwa NPN ƙasa ɗaya take kira, mataimakin Shagari ma Alex Ekwueme ne.

Saboda haka tsohon ɗan NEPU zai iya duba NPN ya ce, "Abin da na sha ɗauri a kansa an riga an yi, waɗannan kuma ba su ne suka ɗaure ni ba." Wani kuma ya duba ya ce, "Su ne dai, riga suka sake, haraji da jangali na nan." Na biyun ya bi makulli. Dukansu biyu 'yan NEPU ne.

Ummi: Anti Rabi, na fahimta. Amma ni abin da ke ruɗa ni, muna cakuɗa abu biyu. Akwai mutum ya sauya sheƙa, akwai jam'iyya ta sauya aƙida alhali sunanta na nan. Mu a nan soja sukan kashe jam'iyya kafin ta tsufa. NPC ba ta kai shekara ashirin ba, NPN shekara biyar. Ina aka taɓa ganin jam'iyya ɗaya, suna ɗaya, ta juya gaba ɗaya?

Nura Teksas: Ummi, kin taɓo inda nake zaune. Kwanan nan 'yata ta dawo daga makaranta da kusan irin tambayar ɗalibar Malam Sabi'u. Ta ce an koya musu Abraham Lincoln ɗan Republican ne, shi ya ba da shelar 'yanta bayi a 1863, to me ya sa yawancin baƙaƙen fata suke zaɓen Democrat?

Ga yadda abin yake a taƙaice. An kafa Republican a 1854 don hana bauta yaɗuwa zuwa sababbin yankuna. Democrat ita ce jam'iyyar fararen Kudu, kafin yaƙin basasa da bayansa, kuma a ƙarƙashinta aka kafa dokokin wariyar launin fata a jihohin Kudu. Kusan shekara ɗari Kudu tata ce. Sai tattalin arziki ya karye a 1929, Franklin Roosevelt na Democrat ya zo da shirye-shiryen samar da aiki da tallafi, baƙaƙen da ke biranen Arewa suka fara komawa wajensa, musamman a zaɓen 1936. A 1948 Truman ya ba da umarnin kawar da wariya a rundunar soja, wasu 'yan Democrat na Kudu suka yi fushi suka tsayar da Strom Thurmond, ya ci jiha huɗu. A 1964 Lyndon Johnson, ɗan Democrat kuma ɗan nan Teksas, ya sa hannu a dokar 'yancin jama'a. Ɗan takarar Republican na shekarar, Barry Goldwater, ya ƙi dokar a majalisar dattawa. Ya sha mugun kaye, jiha shida kawai ya ci: tasa ta Arizona, sai Misisipi, Alabama, Jojiya, Luwiziyana da Karolina ta Kudu. A shekarar Thurmond ya koma Republican. Yau ki duba taswirar zaɓe, yankin da ya yaƙi Lincoln shi ne gidan jam'iyyar Lincoln.

Barista Kabiru: Nura, ka ba da labarin yadda 'yan Democrat suke son a ba da shi. Ka tsallake ƙuri'ar. A majalisar dattawa dokar 1964 ta wuce da 73 da 27. 'Yan Republican 27 cikin 33 suka amince, 'yan Democrat 46 cikin 67. Wato kason Republican ya fi yawa. Kuma yawancin sanatocin Kudu da suka yaƙi dokar ba su bi Thurmond ba, a Democrat suka ƙare. Robert Byrd yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata don hana ta wucewa, kuma yana sanatan Democrat har rasuwarsa a 2010. To ina juyin?

Nura Teksas: Barista, alƙalumanka daidai ne, ba ni da ja. Amma raba ƙuri'ar ta yanki, ba ta jam'iyya ba. Cikin sanatocin Democrat na Kudu mutum ɗaya tak ya amince, Ralph Yarborough na Teksas. Sanatan Republican ɗaya da Kudu take da shi a lokacin, John Tower, shi ma na Teksas, ya ƙi. Rigimar ta Kudu da Arewa ce, kowace jam'iyya tana da riƙau da masu sassauci a cikinta.

Inda na yarda da kai shi ne, ba dare ɗaya aka yi ba, kuma ba tsofaffin ne suka tashi suka yi musanyar kujeru ba. Tsofaffi sun mutu a inda suke, 'ya'yansu ne suka yi rajista a ɗaya gidan. Ga addini, ga batun zubar da ciki, ga haraji, ga mutane da suka ƙaura zuwa unguwannin bayan gari, duk sun taka rawa. Nan Teksas har 1995 gwamna 'yar Democrat ce, Ann Richards. Rick Perry da ya daɗe yana gwamna a Republican, ɗan Democrat ne har 1989. Majalisar wakilan jihar sai zaɓen 2002 ta koma hannun Republican. Kusan shekara arba'in ke nan bayan dokar.

Ummi: To Yaya Nura, su malaman can yaya suke koyar da shi?

Nura Teksas: Da taka-tsantsan, kamar mai tafiya a kan ƙaya. Babu manhaja ɗaya ta ƙasa, kowace jiha da tata. A Teksas hukumar ilimi ta jiha mutum goma sha biyar ce, zaɓensu ake yi da tutar jam'iyya, kuma su ke amincewa da abin da za a koyar. A 2010 an yi rigima babba a kan manhajar tarihi, har ƙasar duka ta ɗauka. Ga kuma matsalar da kowane malamin tarihi ya sani: shekara takan ƙare ana yaƙin duniya na biyu, abin da ya biyo baya a bi shi a guje. Yaro ya san Lincoln sosai, ya san zaɓen bara daga gida, tsakiyar kuma babu. Malamin 'yata dai ya ce ta karanta manufofin jam'iyyun biyu na shekaru daban-daban ta kwatanta da kanta. Na ga hikimarsa, ya tsare aikinsa kuma bai yi mata ƙarya ba.

Wani abin dariya ma, wani lokaci aƙidar zagaye take yi ta dawo. Republican ta fara ne a matsayin mai son harajin shigo da kaya mai tsanani, har zuwa 1930. Zamanin Reagan da su Bush ta zama mai wa'azin kasuwa a buɗe. Trump ya zo ya mayar da ita kan harajin.

Ilu Maraɗi: Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Baba Ɗanlami, mu ma a Nijar muna da Sawaba tamu, ta Djibo Bakary, kuma akwai zumunci tsakaninta da NEPU, da wahala ta yi tsanani wasu 'yan Sawaba Kano sunka gudu. A ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1958 Djibo ya ce a'a ga Faransa, aka kayar da shi, a 1959 aka haramta jam'iyyar. Zamanin Diori Hamani ko sunanta ba ka isa ka ambata da alheri ba. Mu da munka yi lakwal daga baya, layi biyu aka ba mu a kanta. Sai bayan babban taron ƙasa na 1991 mutane sunka fara magana a fili.

Ga kuma misali ga Ummi. MNSD an kafa ta a 1989 zamanin Ali Saibou don ta zama jam'iyya ɗaya tilo a ƙasa. Ita ɗin ce dai ta shiga takara da sauran jam'iyyu, ta faɗi a 1993, ta zauna adawa, ta ci da Tandja a 1999. Suna bai canza ba, sai Nassara da aka ƙara masa.

Baba Ɗanlami: Ilu, Allah ya yi maka albarka. Na tuna baƙi daga wajenku suna kwana a zauren wani maƙwabcinmu, a ce mana 'yan kasuwa ne kada mu yi surutu.

Ɗan Gwaggo: Ku kuna ta tafiya Amurka da 1958. Ni ga nawa na jiya jiya. Janairun 2012 Jonathan ya cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 140, muka fito titi a Kano muka kwana a waje, 'yan adawa suna ta zuga mu, har aka dawo da ita 97. Waɗannan 'yan adawar suka haɗu suka zama APC a 2013. A 2016 suka kai ta 145. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafi ya tafi, tun ba a bar filin rantsuwa ba. Su kuma waɗanda suka cire a 2012 suka koma suna kuka da talaka. Malam Sabi'u, wannan a wane layi na jadawali za ka sa shi? Ni takalmina ma a zanga-zangar ya ɓata, har yau ba wanda ya biya ni.

Shugaban Zaure: Jama'a a kula. Dokar zaure tana nan: ba kamfen, ba zagin kowa. A tsaya kan batun koyarwa.

Barista Kabiru: Ranka ya daɗe, ba kamfen ba ne, kuma don adalci, manyan 'yan takara uku na 2023 duk sun ce za su cire tallafin. Ni a ganina misalin Ɗan Gwaggo ba canjin aƙida ba ne, canjin kujera ne. Wanda ke adawa yana da ra'ayi ɗaya, wanda ke riƙe da baitulmali yana da wani.

Canjin aƙida na gaske yana da alama: ana faɗa a kansa a cikin gida, a rubuce. Jam'iyyar Labour ta Ingila tun 1918 tana da sashe na huɗu a tsarin mulkinta da ke kiran dukiyar samar da kaya ta zama mallakar jama'a. Tony Blair ya so cire shi, aka yi ta muhawara, aka kira taro na musamman a 1995 aka kaɗa ƙuri'a aka sake rubuta shi. Kowa ya san ranar, kowa ya san wanda ya ƙi. Mu fa? Ba a taɓa yi ba. A 1989 Babangida ya ƙi yi wa ƙungiyoyi goma sha uku rajista, ya ƙirƙiro SDP da NRC, ɗaya ɗan hagu kaɗan, ɗaya ɗan dama kaɗan. Gwamnati ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi. Da aka zo 1993, Abiola na hagu da Bashir Tofa na dama duk tsofaffin 'yan NPN ne. Zamanin Abacha jam'iyyu biyar suka tsayar da mutum ɗaya, Bola Ige ya kira su yatsu biyar na hannun kuturu. Abin da ba ka da shi ba ya canzawa. Har tsarin mulkin 1999 ya san halinmu, shi ya sa sashe na 68 ya ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa ya bar kujera, sai dai in jam'iyyarsa ta rabu. Kuma kullum sai a samo rabuwar.

Baba Ɗanlami: Barista ɗana, a nan ka yi sauri. Ka ce ba a taɓa faɗa kan aƙida a cikin gida ba? To santsi da taɓo fa? Ni ina ciki, ba labari aka ba ni ba.

PRP ta ci Kano da Abubakar Rimi, ta ci Kaduna da Balarabe Musa. Suka soke haraji da jangali, wanda tun zamanin NEPU ake kuka da shi. Sai gwamnonin biyu suka riƙa zama da gwamnonin UPN da GNPP, gwamnoni tara masu neman sauyi. Uwar jam'iyya ta ce su daina, suka ƙi. Gida ya rabu a 1980, ɓangaren gwamnonin su ne 'yan santsi, ɓangaren Malam su ne 'yan taɓo. Mu 'yan santsi muna cewa mu ne muke riƙe da aƙidar Malam, su 'yan taɓo sun yi laushi da NPN. Su kuma suna cewa wace aƙidar Malam ce ba Malam? Ka ji tambaya. Wa da ƙani suka daina gaisawa. Ni da kawuna shekara biyu ba mu ci abinci a kwano ɗaya ba. A Yunin 1981 majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye, ta tsige Balarabe. A Yulin shekarar aka yi tarzoma a Kano bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Rimi ya tafi NPP ya yi takara, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi.

Yanzu da na tsufa, in ka tambaye ni wa ke da gaskiya, wallahi amsata ta safe daban ta yamma daban. Amma kada ka ce ba a yi faɗan ba. Litattafan yaranku ne ba su rubuta shi ba.

Barista Kabiru: Na karɓi gyara, Baba. Na janye "ba a taɓa ba." Amma ka lura misalinka ya haura shekara arba'in.

Baba Ɗanlami: Wannan kuma ku za ku amsa, ba ni ba.

Malam Sabi'u: Na ƙaru ƙwarai, amma bari in faɗi nawa uzurin, kada a ce malamai ragwaye ne. Minti arba'in gare ni. Ajin ya haura mutum tamanin. Tambayar WAEC da NECO a wannan babi ba ta wuce "kawo manufofi biyar na jam'iyya kaza" ko "faɗi nasarorinta da gazawarta." Mai duba takarda yana da jerin amsoshi a gabansa, in yarinya ta rubuta masa cewa NPC ta fara da 'yan gyara, ba lallai ya ba ta maki ba. Ga tsoro. Na taɓa kawo misalin sauya sheƙar wani ɗan siyasa na yanzu a wata makaranta da na koyar, washegari uban wani yaro ya zo har ofishin shugaban makaranta, wai ina yi wa 'ya'yansu kamfen. Tun daga ranar nake tsayawa a 1983.

Kuma yaran nan sun zo min ba tushe. An cire Tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin wani darasi, sai bayan shekaru aka dawo da shi. Akwai wanda ya tambaye ni ko Sardauna da Shagari mutum ɗaya ne, tunda duk Sakkwato.

Alhaji Tijjani: Inna lillahi.

Malama Rabi: Uzurinka karɓaɓɓe ne, nima ina cikinsa. Ga dabarar da nake yi, ba ta cin fiye da darasi ɗaya a zango. Ina ba su jadawalin, in ce wannan na jarrabawa ne, ku haddace. Sannan in rubuta tambaya ɗaya a allo, misali "Mata su yi zaɓe?" ko "Wa zai riƙe kotu?" In ja layi uku: 1959, 1979, 1999. Su nemo matsayin kowace babbar jam'iyya a kowace shekara. Da kansu suke ganin abin da ake ɗaure mutum a kansa a layin farko ya zama abin da ba mai musu a layi na uku. Ba na ambaton kowa mai rai, ba uban da zai zo ofis. Aikin gida kuma: kowa ya tambayi dattijo ɗaya a gidansu wa ya zaɓa a karon farko, kuma don me. Amsoshin da suke kawowa sun fi littafin daɗi. Wata ta ce kakarta ta zaɓi GNPP ne don zakara ya fi kyau a takarda.

Ummi: 😂 Allah ya ja kwanan kaka.

Nura Teksas: Malama, wannan kusan abin da malamin 'yata ya yi ne, sai dai naki ya fi, tunda akwai kaka a ciki.

Malam Sabi'u: Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Yau na kira yarinyar gaban aji na ba ta haƙuri, na ce tambayarta ta fi amsata. Ashe ta riga ta koma ta tambayi kakan. Ya ce mutumin da ya biya masa tara ya fito da shi daga gidan yari, ya kuma ciyar da iyalinsa wata huɗu, shi ma ɗan NEPU ne, kuma shi ne ya shiga NPN ya zo har gida ya roƙe shi. Ya ce a zaɓen gwamna makulli ya dangwala wa, a na shugaban ƙasa ya biya bashi. Kuma wai a faɗa wa malamin nan, shi bai taɓa barin NEPU ba, ita ce aka rufe.

Na nemi izinin shugaban makaranta kakan ya zo ya yi wa ajin magana. An amince, da sharaɗin kada a wuce 1983.

Alhaji Tijjani: To a gayyaci ɗan NPC ma, kada yara su ji ɓangare ɗaya.

Baba Ɗanlami: Alhaji, in za ka je zan je. Malam Sabi'u, tambayar min yarinyar a wace unguwa kakan ya yi NEPU, kuma wa ke riƙe da reshensu. Ina jin na san wanda ya biya tarar nan.

Malam Sabi'u: Zan tambaye ta gobe in sha Allah. Zaman ranar Laraba ne, ƙarfe goma da rabi, kuma ajin ba fanka, ku zo da mafici.